Masu Leƙo Tagar Aji Uku

Tagar ajina ba ta da marfi tun ranar da wata guguwar bazara ta yi awon gaba da shi, saboda haka duk mai iko da ni ta nan yake fara bayyana. Kai ne ke riga shigowa, sallama ta biyo baya. Shekara 19 ke nan ina shaƙar ƙurar alli a makarantun firamare na ƙasar Daura, tun daga cikin gari har ƙauyen da waya ke kama sabis ɗin Nijar. Yara suna sauyawa duk shekara, amma kawunan da ke leƙo tagar nan su ne dai, hula kawai ke bambanta.

Hedimastoci kashi-kashi ne. Akwai mai asambuli, wanda wa'azi ya dace da shi ƙaddara ta jefo shi nan. Cikin sanyin Janairu, yara na karkarwa leɓe a tsage, shi kuwa yana kan labarin yadda ya riƙa zuwa makaranta ba takalmi, alhali rabin masu sauraronsa a haka suka zo. Akwai Malam "ana nemana a ofis", wanda ke rataye babbar riga a kujera don a san yana kusa. Ran Litinin kada ma ka neme shi, gajiyar kasuwar Mai'adua ta Lahadi ba ta sakin mai kiwon raguna da wuri. Sai mai makulli. Littattafan da aka kawo tun bara suna nan cikin kwali a ofishinsa, gara na ta karatu, wai kada yara su lalata. Alli ma ɗaya-ɗaya yake bayarwa, sai ka nuna guntun na jiya, kamar mai mayar da kwalbar lemo.

Gwanina dai sufeto ne. Yanzu an raɗa masa sabon suna, wai jami'in tabbatar da inganci, mu kam sufeto muka sani. Bai taɓa sanar da zuwansa ba, kuma bai taɓa zuwa ba a sani ba. Tun daga kwanar shiga gari mai faci zai hangi babur ɗinsa, ya ƙyafta wa mai awara, mai awara ta turo ƙanwarta a guje. Kafin ya kafe babur a gindin darbejiya an share fili tas, malamin da ke gona ya faɗo aji ta baya yana kaɗe ƙasa daga wando, wanda ya yi mako uku bai taɓa lesin not ba kuwa hannunsa har hayaƙi yake yi.

Ya zauna, ya gyara hula, ya ce a kawo littattafai. Kada ka ɗauka na karatun yara yake nufi. Rajista, dayari, lesin not, littafin sa hannu. Sannan ya zaro jan biro daga aljihun gaba a hankali, kamar wanzami zai zaro aska.

"Malam, ina manufar darasi?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe."

"Ka rubuta yara za su fahimci tarawa. Fahimta ana ganin ta da ido? Ana auna ta da mudu? Ka rubuta za su iya tarawa."

"To, ranka ya daɗe."

"Kayan koyarwa, taswirar Nijeriya. Ina taswirar?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To don me ka rubuta?"

"Bara da na bar wurin fili, kai ka ce kada in kuskura in sake."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce malamin ƙwarai da abin da ke gabansa yake ƙirƙiro kayan aiki. Na ji magana. Na sa yara suka tsinto tsakuwa da ƙwallon goruba da karan dawa, muka yi ta ƙirga, kuma wallahi lissafin ya shiga. Da ya dawo sai ya rubuta cewa ajin Malam cike yake da shara.

Ba ya tashi sai ya tuna mana cewa shi ɗan UPE ne, a 1976 aka sa shi aji ɗaya, kuma mai Giredi Tu guda na zamaninsu ya fi masu NCE goma irinmu. Sau ɗaya tak na ga ya taka cikin aji. Yara suka miƙe suka rangaɗa masa "gud moni saaa", ana dab da azahar. Ya goya hannu a baya, ya ce tunda 'yan Daura ne, wa zai gaya masa wanda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu? Shiru. Can wani yaro a ƙurya ya ɗaga hannu ya ce babansa ne, amma a gona ya kashe ta, ba a rijiya ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, don makon da ya wuce na gama ba su labarin Bayajidda da Daurama har da kwaikwayon sara. Sufeto ya koma gindin darbejiya ya rubuta cewa ɗalibai suna da kuzarin amsa tambaya.

Daga nan sai fura. Idan damina ce har da ƙwan zabi a ƙullin leda. "Haba, da ba ku wahalar da kanku ba," in ji shi, hannunsa na kwance igiyar bayan babur. Ba na riƙe shi a zuciya. Wata rana babur ɗin ya ƙi tashi, ni da mai gadi muka tura shi har bakin titi, a nan yana haki ya faɗa mini cewa man da ya kawo shi daga aljihunsa ya fito. Tun ranar nake ganin jan bironsa da ɗan tausayi.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan bita, wanda sunansa ke fitowa a kowace takardar horo, ya dawo da jaka mai tambari ya ce in raba yara rukuni-rukuni kowa ya kewaye teburinsa. Ni da ke da 87 a rajista da benci tara. Masu tantancewa, da ke sa ka wuni a layi rungume da fotokwafin takardar ɗaukar aiki da shaidar TRCN don ka tabbatar musu kana raye. Malama mai kanti, wadda jakarta ke ɗauke da alawa da ƙanƙarar zoɓo, kuma ajinta ne ke fara fita tara. Uban da ke leƙowa da saukar ruwan farko ya ce, "Malam, aron yaron nan na zo, kwana biyu kawai," sai bayan an yanke gero ka sake ganin ƙeyarsa. Da kuma ɗaliban ran ƙwai: lokacin da shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya ya iso 'yan aji ɗaya zuwa uku, na ga fuskokin da tun ranar rajista ban sake gani ba, har da wani ɗan aji biyar da ya rantse an maimaita masa aji.

Duk waɗannan ina iya yi musu dariya. Wanda ba na iya yi wa shi ne mai gyaran gaban baƙi. Wani lokaci hedimasta ne, wani lokaci wani ne aka turo daga ofis kwana ɗaya kafin manya su iso. A aro benci daga makarantar da ke maƙwabtaka, a shafa farar ƙasa a bangon da ke kallon hanya kawai, a tayar da tuƙa-tuƙar da ta zama Kusugu ta kafin Bayajidda, mai ba da ruwa sau ɗaya a mako. Wannan duk da sauƙi. Sai ya tsaya a ƙofar ajina yana nuni da yatsa: kai, kai, ke, ku tafi gida yau. Marasa yunifom, masu silifa wari da wari, da waɗanda ya san in aka nuna musu allo za su yi shiru. Akwai wata yarinya da na sha fama da kakarta wata biyu kafin ta yarda a ajiye farantin talla da safe. Ranar nan aka kore ta saboda hijabinta ya yage. Ba ta tafi gida ba. Ta zagaya ta tsaya a bakin tagar nan marar marfi, haɓarta a kan bulo, tana kallon baƙi na tafa wa 'yan gaba. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi ga kowane yaro. A ranar aka karanta wannan a lasifika, tana ji. Mako guda ba ta dawo ba, kuma ni na koma wurin kakar da bakin da ba ni da shi.

Kada a ce na tsame kaina. Akwai wani malami da ke ba monita littafi ya kwafe a allo ya riƙe bulala, shi kuwa ya raɓe a inda sabis ya fi ƙarfi yana duba ko alat ya shigo, tun daga 25 ga wata. Lesin not ɗinsa na bana na shekara huɗu da suka wuce ne, kwanan wata kawai ya sauya, kuma jimlar da sufeto ya yaba bara ita ya ja wa layi bana. Zangon da ya wuce aka ba malamin nan mataimakin hedimasta, aka damƙa masa makullin kabad. Jiya sabuwar malamar aji biyu ta zo neman alli, sai na ji bakina yana tambayar ta ina guntun na jiya.