Kaka da Jikarta

A 1955 Stirling Moss ya lashe tseren Mille Miglia na Italiya da Mercedes 300 SLR: kusan kilomita 1,600 cikin awa 10 da 'yan mintoci. Motar ko rufi babu. Taswirarsa kuwa wani ɗan jarida ne mai gemu, Denis Jenkinson, yana gefe yana warware doguwar takarda, yana nuna kwana da hannu, don rurin injin ya hana jin magana.

Jikar motar ta yau, Mercedes-AMG GT, ta ɗara ta ƙarfi, sai dai akwai ta da tsegumi. Ka taka layi, ta yi tsuwa. Ka matsi motar gaba, ta danne birki da kanta. Mai ita ko yana maƙale a cunkoso, iyakwandishan na ratsa shi, yana cika wa aboki baki da dawakin injinsa.