Hankali Kwance, Waya a Kashe

A zaɓen gwamnan Kano na ranar 18 ga Maris 2023, mutanen Gwarzo da Kabo sun sami gatan da ba kowa ke samu ba. Abokin takarar Abba Kabir Yusuf na NNPP, Kwamared Aminu Abdussalam, ɗan Gwarzo ne. Abokin takarar Nasiru Yusuf Gawuna na APC, Murtala Sule Garo, ɗan garin Garo ne da ke ƙaramar hukumar Kabo. Ƙananan hukumomin biyu maƙwabtan juna ne, har ɗan majalisar wakilai ɗaya suke turawa Abuja. Wato duk inda ƙuri'a ta faɗi, kujerar mataimakin gwamna titin Gwarzo za ta hau ta taho gida. Mai hankali zai ce to ai sai a shimfiɗa tabarma a yi barci har da minshari.

Ina! Ba a ga barcin ba. Hukumar zaɓe ta ce Abba ne. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare masa ƙuri'u 165,663 ta ce Gawuna ne. A Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta ce ita ma haka ta gani. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba kayansa. Kusan wata goma ke nan ana zaman jiran hukunci, kuma duk majalisar da aka leƙa, daga Getso har Gude, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Ai mu hankalinmu kwance yake, mulki na Allah ne." Mai faɗar haka rediyo na manne a kunnensa, shayinsa ya huce tun ɗazu bai sani ba. Akwai masu hangen nesa da suka yi watannin nan da huluna biyu, ɗaya a kai, ɗaya a aljihu, wadda za ta hau kai kuwa sai alƙali ya gama karatu.

Wannan yanki ya daɗe da sanin kujera. Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamna daga 2007 zuwa 2011 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Bello Hayatu Gwarzo ya daɗe yana wakiltar Kano ta Arewa a majalisar dattawa, har ya riƙe bulalar majalisar. Sunan Kabo kuwa ya yi shekaru yana yawo a sararin samaniya a jikin jiragen marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, suna kai alhazai Jidda suna dawo da su. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan sunaye, wa zai hana shi buri? Matsalar ita ce al'ada ba ta yarda a ga burin a fuska ba. Dole a so abu a kuma nuna ba a damu da shi ba, kuma wannan sana'a ce mai zaman kanta da ake koyo kamar ƙira ko dukanci.

Darasin farko shi ne kalmar nan: "Wallahi ni ba na so, jama'a ne suka matsa min." Jama'ar nan da aka bincika, ƙaninsa ne da abokinsa na firamare da mai buga fosta. Su ne kuma "Ƙungiyar Matasa Masu Kishin Mazaɓa" da aka rubuta a ƙasan hoton cewa ita ta ɗauki nauyi. Nauyin kuwa gonar gado ce ta ɗauka, wadda aka jinginar a asirce. A 2024, da hukumar zaɓe ta jiha ta fara sanar da cewa fom ɗin takarar ciyaman naira miliyan 10 ne, na kansila miliyan 5, an ga ikon Allah: mutumin da aka sani da cin bashin kati a shagon unguwa ya ce shi kuɗin ba su tayar masa da hankali ba. Aka kuma tura masu neman takara gwajin ƙwaya wajen hukumar NDLEA. Da an haɗa da awon hawan jini a ranar, da na'urar ce za ta fara neman hutu.

Mai buri yana da irin tafiyarsa. Ba ya sauri ko da hadari ya haɗo. Murya ƙasa-ƙasa, carbi a hannun dama, murmushi a ajiye a fuska tun safe. Gwarzo mazaɓu 10 gare ta, Kabo ma 10, kuma babu jana'iza ko ɗaurin aure ko suna da za a yi a cikinsu ba a gan shi a sahun gaba ba. Da hantsi yana Kutama yana ta'aziyya, kafin azahar ya isa Lakwaya ɗaurin aure, la'asar ta same shi a Mainika. Wani lokacin sai ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya gama jan doguwar addu'a, sannan ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi: "Wai wa ya rasu ne?"

A ce dai Allah ya nufa ya ci. A zaɓen ƙananan hukumomi na 26 ga Oktoba 2024 kansiloli 484 aka samu a faɗin jihar, kowanne da ƙofar gidansa, kowace ƙofa da nata cincirindon. Tun kafin ya idar da sallar asuba an shimfiɗa tabarmi. Ga mai takardar magani daga asibiti, ga mai kuɗin jarrabawar ɗa, ga mai neman buhun taki biyu kafin ruwa ya zauna, ga wanda zai aurar da 'ya kuma kafinta ya riƙe gado. A can gefe dattawan unguwa ne, su ba don kansu suka zo ba, taransifoma ce ta ƙone wata na uku ke nan. Dangi kuwa sai yaɗo suke yi kamar kabewa a damina: wanda bai taɓa gani ba zai zauna ya warware masa yadda kakar kakarsa ta sha nono ɗaya da kakar kakan Honorabul. Albashin kansila ko an ninka shi goma ba zai kai ƙarshen layin ba, kowa ya san haka, har da na kan layin.

A nan ne ake gane wanda ya ƙware. Makaminsa na farko "in sha Allahu" ne, kuma hawa-hawa ne da shi, masu zuwa ƙofa sun haddace su sarai. Idan ya faɗa yana kallon idon mutum, har ya tambayi nawa ne, akwai rabo. Idan ya faɗa yana duba waya, sai a dawo wani makon. Idan kuwa ya ja ta, ya haɗa da "kada ka damu, ai kai namu ne," to mai roƙo ya nemi wata ƙofar tun rana ba ta yi zafi ba. Babu wanda aka ce wa a'a, babu wanda aka ɗaga wa murya, babu kuma wanda ya tafi da ko sisi.

Makami na biyu waya ce. Layi uku ne: wanda jama'a suka sani, wanda 'yan jam'iyya suka sani, da wanda uwargida ta sani, ko take zaton ita kaɗai ta sani. Na jama'a kullum a kashe yake, in an haɗu a ce matsalar sabis ce. A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, masu kujera sun ɗan sha iska, domin a karon farko "wallahi babu tsabar kuɗi a hannuna" ta zama gaskiya tsagwaronta. Daɗin bai daɗe ba. Cikin 'yan makonni tsohon da ko sunansa ba ya iya rubutawa ya haddace lambobi goma na asusun da jikansa ya buɗe masa a OPay. Yanzu ba sai an zo ƙofa ba. Saƙo ne zai shigo ƙarfe biyun dare: sallama, addu'a layi uku, sai lamba.

Akwai kuma dabarar masallaci. Honorabul ya daina sallah a wuri ɗaya sau biyu a jere. Takalminsa a kusa da ƙofa yake ajiye shi, liman na sallama yana miƙewa, nafila sai a gida. Sai dai masu nemansa su ma ba yara ba ne, motarsa suke bi ba shi ba. Manya na can sama, su da suke da hali, in goman ƙarshe na azumi ta matso sai a ji sun tafi Umara, su bar masu jiran kayan sallah da maigadi. Kansila bai kai nan ba. Shi Umararsa ɗakin wani abokinsa ne a Kano, wajen Kabuga, inda zai kwana uku ana ce wa jama'a yana mitin.

Duk wannan natsuwar da ake yaba masa a waje, a cikin gida ake biyan kuɗinta. Uwargida, wadda ƙawaye suka koma kira "Fes Ledi" tun ranar rantsuwa, ita ke ɗora tukunya uku don baƙin da ba ta gayyata ba, ita ke karɓar matan da suka biyo ta ƙofar baya da katin biki, ita ake kawo wa anko bakwai a wata ɗaya kuma ba ta isa ta ce ba za ta yi ba. Idan maigida ya shigo da dare, murmushin nan da ya yini da shi a zaure yake cire shi tare da takalmi. Yaro ya tambayi kuɗin littafi, sai tsawa. Mutumin da ya saurari mutum sittin bai ɗaga murya ba, gishirin miya ne zai sa ya tashi gida tsaye.

Kada a ɗauka 'yan siyasa kaɗai abin ya shafa. Duk ɗan yankin da ya sami aikin albashi a birni, ƙaramin kansila ne ba tare da zaɓe ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 71,000, a daidai lokacin da buhun shinkafa ya fi haka tsada, litar fetur kuma ta haye naira dubu bayan cire tallafin da aka yi a Mayun 2023. Amma ranar Juma'a in ma'aikaci ya hau mota a Kabuga, ya wuce Janguza da Rimin Gado ya sauka gida da shadda mai guga, ba wanda zai yarda kuɗin motar komawa kaɗai ya rage a aljihunsa. Shi ma ba zai faɗa ba. Zai gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya."

Jama'a kuwa ba a iya musu. In mai kujera ya fusata sau ɗaya, kujera ta hau masa kai. In ya yi shiru yana murmushi, ba shi da zafin nama, a kawo wani. In ya rame, an yi masa jifa. In ya yi ƙiba, ga kuɗin rijiyar burtsatse can a wuyansa. Sojojin baka na jiran sa a gidajen rediyon Kano da dare, yaran Facebook na jiran sa da rana. Ranar da jiri ya kwashe shi ya je kyamis aka ɗaura masa abin awo a dantse, mai shagon zai zaro ido, shi kuwa ya ce ba komai, rana ce ta ɗan buge shi. A ce masa ya rage gishiri ya rage tunani. Gishirin dai ya rage.

Masu kwanciyar hankalin gaske ba a san da su ba, don ba sa sanarwa. A 2019 aka wayi gari Gwarzo da Kabo sun koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ƙaraye. A Mayun 2024 aka soke dokar suka dawo ƙarƙashin Kano. Manomin dawa a Durun ya ji duka biyun a rediyo, bai fasa noman fari ba, bai fasa maimai ba.

Kujera kuma ba ta zama. Ko ta minista ce: a Oktoban 2024 aka yi wa majalisar ministoci garambawul, kujerar ƙaramin ministan gidaje da ɗan Gwarzo ke kai ta koma hannun wani, balle ta kansila mai wa'adin 'yan shekaru. Ranar da wa'adin ya cika, tabarmin ƙofar gida sukan naɗe kansu. Dangin nan na nono ɗaya su gano ashe kuskure aka yi a lissafin, da sabon kansila suke da alaƙa. Tsohon Honorabul ya yi barcin da ya shekara uku bai yi ba, ya koma masallacin unguwa har yana tsayawa lazimi, mai kyamis ya auna shi ya ce jini ya sauka. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa, "Wallahi hutu Allah ya ba ni."

Hutun ba ya wuce mako uku. Daga nan sai ya fara kunna layukan nan uku gaba ɗaya ya jera su a gabansa. Shiru. Ya ɗauki ɗaya ya kira ɗayan don ya tabbatar ba sabis ne ya lalace ba. Ya fara tambayar yara ko wani ya zo nemansa yana barci. Kafin wata ya ƙare an gan shi da magariba a shagon mai buga fosta, ya kawo hoton da ya ɗauka shekara goma da suka wuce, yana cewa a ɗan ƙara masa haske, a rubuta 2027 da manyan baƙaƙe. Mai shagon ya tambayi wace kujera za a sa. Ya ce a bar wurin tukuna, jama'a ba su gama shawara ba, amma a buga dubu biyu, kuɗin kuma sai bayan an sayar da waken soya.