Bijimi Mai Inci 43

A karar Akinyele ba a sayar mini da gurgun sa. Shekara 11 ke nan ina bin Baffa dillanci, tun ina riƙon igiya har na kai ga riƙon ciniki. Idan tirela ta sauke kaya daga Maigatari ko Illela, kallo ɗaya nake wa bijimi in gaya maka ƙiba ce a jikinsa ko ruwa aka ɗura masa. In buɗe baki in ƙirga haƙora, in latsa tozo, in sa yaro ya kora shi taku goma in ga yadda yake ajiye ƙafar baya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji abin da ke tafe ya ɗauka dama can sakarai ne ni.

Ci 7 da nema ne ya jawo komai. A wani shagon gem a Sabo, inda ake biya a buga ƙwallo a talabijin, wani yaro da bai wuce shekara 13 ba ya yi mini wannan aika-aika, yana yi yana ɓare gyaɗa. Kuma a gaban 'yan canji biyu da mai shayin layinmu, wato dai a gaban duk Ibadan. Na ce fad ɗin ne ya lalace, aka sauya mini. Na ce talabijin ɗin ce ƙarama, ba na ganin 'yan bayana. Yaron ya ce, "Haka ne, Yaya," da irin ladabin da ya fi zagi ciwo.

A daren na ƙudura sai na haɗa kwamfutar gem tawa ta kaina, in yi atisaye a ɗaki ba mai gani, in fito in wanke sunan gidanmu. Babbar Salla ta zo da albarka, la'ada ta taru, na kira ɗan yayata da ke karatu a Poly, wanda duk gidan muke ce wa Injiniya tun ranar da ya gyara rediyon Baffa da tsinken sakace.

Injiniya ya zo da takarda da biro, ya zauna bakin katifa kamar mai rabon gado.

"Kawu, allo shi ne na ƙarshe da za ka saya. A fara da katin hoto, shi ke zana duk abin da ido zai gani. In mun san ƙarfinsa, sai mu nemo masa allon da zai iya ciyarwa."

Ya ce lamba uku ake dubawa a jikin monita. Ta farko inci, girmanta daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta biyu yawan ɗigo, don hoton nan da muke gani ɗigo ne ƙanana jere reras: wadda ake ce wa 1080 tana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, mai 1440 ta kusa miliyan 3.7, 4K kuwa 3840 ce da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na ta farko. Ta uku ita ce Hz, wato sau nawa allon ke sabunta hoto cikin daƙiƙa ɗaya. Talabijin ɗin gida galibi 60 take yi, ta gem tana yin 144 ko 165, har 240. Kuma kowane ɗigo, a kowace sabuntawa, katin nan ne zai shafa masa launi.

"Ka ɗauka allo sa ne, Kawu, kati kuma harawa. In ka sayi bijimin da ya fi ƙarfin rumbunka, ramewa zai yi a hannunka."

Nan ya ɓata rawarsa da tsalle. Yaron da ko akuya bai taɓa tayawa ba, shi zai kawo mini misali da sa? Unguwar nan ta Sabo tun 1916 aka yanka wa kakanninmu ita, da goro da shanu suka raya ta, har wani masani, Abner Cohen, ya zo ya zauna cikinsu ya fitar da littafi a 1969 kan yadda suke riƙe da cinikin nan bisa amana da bashi ba takarda. Ni jikan waɗannan ne. Daga wannan magana na toshe kunne. Ya ci gaba da bayanin wani IPS mai kyan launi ko ta gefe ka kalla, da VA mai baƙi wuluk, da TN mai sauri amma launinsa kamar wankakken atamfa, ni kuwa cikin lamba ukun nan guda ɗaya ce ta zauna mini: inci. A kara, wanda ya fi girma shi ya fi kuɗi, shi kuma ake tsayawa kallo.

Washegari ban jira shi ba. Na sa farar shadda, na karya hula, na nufi wajen Dugbe ni kaɗai.

Ina sa ƙafa a shagon, mai kayan ya miƙe ya ce, "Alhaji!" Ya kamata a ce nan na juya. Ni ban je Makka ba, kuma na san ranar da nake kiran mai saye Alhaji tun bai buɗe baki ba, na riga na ɗora wa san wani abu a kai. Amma daɗin sunan ya ratsa ni. Ya sa aka kawo kujera da ruwa mai sanyi. Na ce monita nake so ta gem. Ya nuna mini wata 'yar ƙarama mai inci 24, ya ce 144 take yi. Na kalle ta kamar an kawo mini ɗan maraƙi ranar ɗaurin aure. Na ɗaga kai, sai ga ta can sama a kan kanta: tokumbo, inci 43, 4K, faɗinta ya kai ƙofar shago.

Aka sauko da ita mutum biyu. Na yi mata duba irin na sana'a, Allah ya gani. Na zagaya ta sau biyu. Na ƙwanƙwasa bayanta na ji ƙarar. Na durƙusa na leƙa ramukan waya na ƙirga su kamar haƙora, na ga sun cika, ban dai san me kowanne ke yi ba. Mai shagon ya kunna mata bidiyon wasu tsuntsaye aku a daji, kore shar, ja zur, har gashin wuyansu ana iya ƙirgawa. Kore, ku riƙe wannan, zai dawo. Na tambayi Hz don kada a ce ban tambaya ba, ya ce 60, amma "60 na Amurka". Na gyaɗa kai kamar na san akwai bambanci. Babu.

Na taya, ya ce albarka da Hausarsa ta kasuwa, na ƙara, muka yi ta ja har na ji na ƙure shi, ya sallama yana dafe ƙirji. Dafe ƙirjin nan ma nawa ne, ni ma ina yinsa a kara. Kuɗin da suka fita sun cinye fiye da rabin abin da na ware wa kwamfutar gaba ɗayanta.

Duk wanda ya san Ibadan ya san Micra, motar da aka ƙera don fasinja huɗu ake cusa mata shida da buhun barkono. Direba uku suka auna kwalin da ido suka wuce. Dole na hau acaɓa, na ɗora shi a cinya tsakanina da mai babur, hannuwana a buɗe kamar mai rungumar bango. Ba na ganin gaba, ba na ganin gefe. Muna gangarowa wajen Mokola iska ta bugi kwalin, babur ya fara tafiya a karkace kamar kwalekwale, mai acaɓa yana ta kiran sunan Yesu, ni ina ta Innalillahi, kowa ya kama nasa. Hulata a nan ta tafi, ban da hannun da zan kama ta. Da muka shigo Sabo, 'yan canjin bakin titi suka bar kiran masu dala suka bi ni da ido. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Gidan kallo za a buɗe ne?"

Ragowar kuɗin bai kai ga katin da Injiniya ya rubuta a takarda ba. Abin da ya samu shi ne GTX 1650 na hannu, katin 2019 mai 4GB, mai mutunci a inda ya dace da shi. Ya haɗa akwatin a makaranta ya aiko mini, ya ce in jira shi zuwa Asabar. Wa zai jira Asabar?

Tebur ɗin ɗakina na karatun allo ne aka ɗaga wa ƙafa. Da na ɗora monitar na zauna, tsakanin hancina da gilashi bai fi kamu biyu ba. Na ciro wayar tsohuwar dikoda na soka a ramin farko da ya karɓe ta a bayan akwati, can sama. Wuta ta kawo, hoto ya fito, na yi hamdala. Sai na motsa linzami. Kibiyar ta bi hannuna a hankali, tana jan ƙafa, kamar tsohuwa ta dawo daga rijiya. Na buɗe ƙwallo. Ɗan wasana ya ɗaga ƙafa zai buga, ya tsaya ya yi tunani, hoto ya yi tsalle, sai ga shi har an ci ni ana murna. Ga kuma girman fili. In zan duba lokaci sai na juya wuya hagu, in zan ga mai tsaron gida sai na juya dama. Hajiya ta leƙo ta ga kaina yana kai da komo, ta ja ƙofa a hankali, ta zaci sallame nafila nake.

Kwana uku ina wannan jihadi. Wuta kuma ta unguwa ce, tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ƙaramin janaretan gidanmu ya zama kamar sirikin da ba a kira sai da babban dalili. Na tada shi dare biyu don in sha kashi a hannun kwamfuta cikin jinkiri.

Ranar Asabar Injiniya ya shigo, ya ga allon, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Bai ce komai ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya zagaya bayan akwati, ya zare wayar, ya nuna mini wani rami ƙasa da wancan da faɗin yatsa huɗu.

"Kawu, katin da ka saya yana nan ƙasa. Kwana ukun nan barci yake. A uwar allon injin ka soka."

Ya ce kuma a yadda na haɗa ta da wayar dikoda, hoto 30 kawai allon ke samu a daƙiƙa, don tsohon tsarin HDMI iyakarsa ke nan a 4K. Ya ciro wata daga jaka, DisplayPort, mai kusurwa ɗaya a yanke, ya soka, ya shiga saituna ya mai da 30 ta koma 60. Kibiya ta miƙe ta warke. Na fara murmushi. Ya ce in dakata. Muka buɗe wasa a 4K, fankar katin ta ɗau kuka kamar injin markaɗe, 'yan wasa suka ci gaba da tafiyar masu ciwon baya. Ya rage zuwa 1440, da sauƙi. Ya rage zuwa 1080, wasa ya tafi sumul.

Na ce to madalla. Ya ce, "Madalla, Kawu. Ka biya kuɗin ɗigo miliyan 8, kana cin miliyan 2." Kuma 1080 da aka shimfiɗa a kan inci 43, a kamu biyu da ido, fuskar kowane ɗan wasa ta zama kamar an zana da gawayi an shafa. Ya ƙara da cewa masu buga gasar gem ta duniya, waɗanda ke cin kuɗi da ita, yawancinsu a kan inci 24 ko 25 suke, don ido ya kwashe fili duka ba tare da wuya ya motsa ba. Wato ɗan maraƙin nan da na raina.

A nan ne na ga ƙudan. Yana zaune ɗan sama da tsakiyar allo, kore. Na kore shi da hannu, bai tashi ba. Na goge da bakin riga, yana nan. Injiniya ya mai da allon baƙi gaba ɗaya, sai ga shi yana ƙyalli shi kaɗai kamar tauraron asuba. Ɗigo ne ya maƙale a kore, ba ya sauyawa. A cikin dajin aku wa zai gan shi?

Litinin na koma Dugbe, wannan karon da kurar haya da igiya. Mai shagon ya ɗago ya ce, "Aboki, lafiya?" Kujerar ma wani ke kai. Ya saurare ni tsaf, ya ce kaya tokumbo ne, an gwada a gabana, na zagaya sau biyu, na ƙwanƙwasa, yaransa shaida ne. Na buɗe baki zan yi rantsuwa sai na ji maganar da nake shirin musantawa tawa ce. A kara, in an miƙa maka igiya ka ja ka fita, ɗingishin da ka gani a hanya naka ne. Sau nawa na faɗa wa mahautan Bodija haka, ina gyara hula? Na biya mai kura kuɗin dawowa.

Duk da haka na yi atisayen mako biyu, na aika aka kira yaron gyaɗa har ɗaki. Ya cire takalmi, ya gaida Hajiya, ya ja kujera baya har jikin bango ya zauna. Sau biyu ina kai wa ƙudan tako ina zaton ƙwallo ce. An tashi 5 da nema. Da zai fita ya ce, "An samu ci gaba, Yaya."

Yanzu monitar tana falon Hajiya. Ita ta ce tunda abin yana sa ni ciwon wuya a kawo mata, aka haɗa da dikoda da 'yar sifika, tana kallon Daɗin Kowa a Arewa24 tare da matan gida uku da na maƙwabta. Daga nesa, a kan kujera, hotonta ba a magana. Ba ta da rimot, ni ne rimot. Ni kuma ina ɗaki da wata tsohuwa mai inci 22 da Injiniya ya ara mini, ina tara kuɗin mai inci 24 ɗin nan, wadda na ji an ce ta ƙara tsada. Jiya ina tsaka da wasa, ina gaba da ci ɗaya a karon farko a rayuwata, na ji muryar Hajiya daga falo.

"Kai, zo ka kore mini ƙudan nan, ya sake sauka a goshin mutumin."