Kawu da Toron Giwa

Ɗan Kawu da ke aiki a Johannesburg ne ya ja mana. Ya ce tunda ana hutun ƙarshen shekara, mu zo ya kai mu gandun dajin Kruger kallon namun daji. Ranar tafiya aiki ya riƙe shi, sai ya miƙo mini makullin motar haya, ya bar ni da mahaifinsa.

A Afirka ta Kudu ta hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, shi ya yi zamani kafin Najeriya ta canja hannu a 1972, zai riƙa yi mini jagora. (Keke yake hawa a lokacin, amma wa zai tanka wa babba?) Haka muka kama titin N4 muka nufi gabas, tafiyar fiye da kilomita 400, yana ta taka birkin da babu shi a gefensa. A wani gidan mai ya sayi biltong, busasshen naman da mutanen can ke ji da shi. Ya tauna, ya yanke hukunci: kilishi ne da bai samu tarbiyya ba. Duk da haka bai rage mini ko tsinke ba.

Tun daga nan ya ɗauko tarihin kakansa maharbi, wanda zaki kan kauce wa hanya.

Dajin, wanda aka kafa a 1926, ya miƙe kusan kilomita 360 a kan iyakar Mozambik, kuma dokokinsa ba wasa. Ba a sauka daga mota sai inda aka keɓe, ba a wuce gudun kilomita 50 a kan kwalta, a wannan lokaci na shekara kuma ƙarfe shida da rabi na yamma ake rufe ƙofar masauki. Ga shi Disamba damina ce a can, ciyawa ta yi tsawo, rana na dukan ƙeya. Duk dabba mai hankali tana inuwa. Abin da ya rage mana barewar da suke kira impala, ko'ina su ne da 'ya'yansu sababbin haihuwa.

"Yanzu kuɗin jirgi muka biya don mu ga awaki?" in ji Kawu.

Zakin dai mun gan shi, ko in ce mun ga cunkoson motoci, da wani kunne ɗaya can cikin ciyawa. Nan take Kawu ya aika saƙon murya gida cewa sun yi ido huɗu da manyan dawa.

Wajen ƙarfe shida, muna sauri mu isa masaukin Skukuza, sai ga toron giwa tsaye a tsakiyar kwalta.

"Yi masa hon, ɗan nan."

"Kawu, ba a yi musu hon."

"Kai dai matsoraci ne. Da kakana ne..."

Bai rufe baki ba toron ya baza kunnuwa, ya girgiza kai, ya tako wajenmu. Na waiwaya in ji sauran zancen, ban ga Kawu ba. Hularsa kaɗai na gani a kan kujera, shi kuwa yana ƙasa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi, yana jero addu'o'i har da ta shiga kasuwa.

"Ja da baya! Don girman Allah ja da baya!"

Bayanmu motoci ne a jere, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hotonmu. Toron ya iso daf da mu, ya shinshina gilashi, ya juya mana baya, ya sauke lodin kashi a gaban motar, sannan ya shige daji a tsanake.

Da ƙyar muka tsallake ƙofa kafin a rufe. Bayan sallar isha'i, muna shan shayi, na ce, "Kawu, ɗazu ba ku ƙarasa mini labarin kaka ba."

Ya daɗe yana juya cokali. Can ya ce, in gaskiya za a bi, marigayin ya fi ƙwarewa ta ɓangaren zabbin daji.