Ko Ƙwarzane Babu

Wani Alhaji a Wurno ya sayo sabuwar mota, tun ranar bai ƙara barcin kirki ba. Har yau ba a cire ledar kujeru ba. Ya saya mata tamfol saboda rana, sannan ya kafa rumfa saboda tamfol ɗin. Akuyar gidan kuwa, da ta sosa ƙaho a jikin motar, washegari aka kai ta kasuwar Achida.

Ranar ɗaurin aure a Goronyo ya tuna da jakunan albasa da raƙuman hanya. Ya gyara wa motar lulluɓi, ya tari ɗan kabu-kabu. Rabah ma haka ya je ta'aziyya.

Ɓeraye sun samu inuwa, har sun cinye wayoyin injin. Amma fenti, masha Allah, ko ƙwarzane babu.