Bango Ba Ya Zama Tsirara

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin darajar bango. Ranar jere, a kan tara tasoshi da kwalla da fanteka a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kullum sai an goge su, amma kada wanda ya kuskura ya zuba miya a ciki. Kwanon da ake cin tuwo da shi yana can tsakar gida duk ya lotsa. Na ɗaki kuwa aikinsa ɗaya: ya sanar da kishiya da dangin miji cewa amarya 'yar gata ce.

Maza na yi musu dariya, amma leƙa falon maigida ka sha kallo. Kalandar 2015 na nan daram, ɗauke da hoton ɗan takarar da tuni ya sauya jam'iyya. Ba ƙauna ce ta hana a cire ta ba, ramin da ke bayanta ne. Gefenta agogon bikin wani ɗan'uwa, da hoton ango da amarya: batir ya mutu, auren ma ya mutu, agogo ko gezau. Can sama ga takardar shaidar kwas ɗin kwana uku, an sa ta a gilashi sai ka ce digiri.

Maginan gargajiya na Kano da Zariya sun fi mu dabara, don a jikin bangon suke zana dagi, ba ruwansu da ƙusa. Mu kuwa sai bugawa muke, har ranar tashi mai gidan haya ya zo yana ƙirga ramuka da bakin biro.