Dattawan da Ke Addu'ar Guguwa

A watan Janairu, lokacin da duhu ke rufe Ingila tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, duk mai hankali yana ƙuryar ɗaki da kofin shayi. Amma akwai wasu bayin Allah, galibi dattawa masu furfura da fansho, da a lokacin ne kasuwarsu ke ci. Tun duku-duku suna bakin teku, riga kan riga, hula har gira, kunnuwa a toshe da abin sauraro, suna lilo da wata sanda mai faifai a ƙasa. Na'urar gano ƙarfe ce, kuma mai kyau tana cin ɗaruruwan fam.

A nan gida mai yawon tsintar ƙarfe sunansa ɗan jari-bola, kuma yunwa ce ta fito da shi. Bature kuwa da ƙoshinsa ya sayi wahalar, ya raɗa mata suna nishaɗi. Sa kai dai ya fi bauta ciwo.

Kada ka tambaye shi abin da ya sa sai da hunturu, in ba ka shirya tsayuwa ba, don lacca gare shi. Zai ce maka lokacin zafi ne jama'a ke cika bakin ruwa, a shafe jiki da mai, a faɗa teku, sanyin ruwa ya tsuke yatsa, zobe ya sulale. Zinariya kuma nauyi gare ta, sai ta yi ta nutsewa a rairayi har ta wuce inda na'ura ke ji. Guguwar hunturu ce ke kwashe rairayin sama, abin da ya ɓuya ya matso kusa. Ba ƙarya ya yi ba. Shi ya sa in an yi hasashen mugun hadari, makwabta na fatan Allah ya sawwaƙe, shi yana duba lokacin janyewar ruwa yana murmushi.

Matsalar ita ce na'urar ba ta san girman furfura ba. Ɗan kunnen alminiyum ɗin nan da ake ja a buɗe gwangwanin lemo, kukan da yake sa ta yi kusan ɗaya ne da na zoben zinariya. Sai ka ga dattijo ya tsaya cak. Ya durƙusa a jiƙaƙƙen rairayi, gwiwa na ƙara, ya cire safar hannu da haƙori, yana haƙa ruwa na mayar da ramin, hanci na zuba ba hannun gogewa. Can ya ciro abu, ya goge a wando, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido: kunnen gwangwani. Ya jefa a jaka, ya cike ramin, taku uku sai ga wani kukan. Gishiri na rikita na'urar, sanyi na shanye batir. Ranar da abin ya so wasa, ya tono tsohon bam na Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji su zo su kori kowa.

Labari ne ke riƙe da su. A 1992 Eric Lawes ya shiga wata gona a Hoxne neman gudumar da abokinsa manomi ya yar, ya faɗa kan kuɗin Rumawa na zinariya da azurfa kusan 15,000, aka biya fam miliyan 1.75. Gudumar ma an gan ta, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. A 2009 Terry Herbert ya tono zinariya fiye da kilo 5 a Staffordshire, aka yi mata kuɗi sama da fam miliyan 3. Mutuminmu ya haddace waɗannan tas. Abin da kullum yake tsallakewa shi ne duka biyun a gona aka yi su, inda babu igiyar ruwa mai cika takalmi.

Ko ya dace ɗin ma, doka na jiran sa. Dokar 1996 ta ce kayan da ya kai shekara 300, mai zinariya ko azurfa aƙalla kashi 10 cikin 100, dole a kai rahotonsa cikin kwana 14, ladan kuma a raba da mai fili. Wasu biyu da suka ɓoye dukiyar da suka tono a Herefordshire sun kwana gidan yari a 2019. Herbert da mai gonar kuwa sun raba miliyoyinsu, suka kuma raba gari.

To a ce bayan hunturu uku da mura tara Allah ya kawo rabo, zoben aure na gaske, da suna a rubuce a cikinsa. Kana zaton kasuwa zai nufa? Ina! Hoto zai ɗauka ya sa a Facebook yana cigiyar mai shi. In an samu, ya zuba mai a motarsa ya kai har gida, a rungume shi, a yi ƙwalla, a ba shi shayi da biskit. Uwargida ta tambayi abin da aka samo, ya miƙa mata waya ta ga hoto, ya roƙe ta wata kwalbar, don ta kunnuwan gwangwani ta cika.